Tsakanin Ji da Gani

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Magana ce ta hikima, amma akwai ganin da ya isa ya kori ji, akwai kuma wanda bai kai ba. Mutumin da ya shekara ashirin yana jin labarin wata kasuwa daga bakin fatake amintattu, sa'an nan ya ratsa ta rana ɗaya da almuru bayan an watse, ba zai ce garin ba ciniki don kawai ya tarar da rumfuna wayam ba. Ashe ke nan ji yana da nauyinsa, gani kuma yana da nasa, aikin mai hankali kuwa shi ne ya san yadda zai ɗora su a kan ma'auni ɗaya. Akwai wani fanni na lissafi da masana suka keɓe domin wannan awo, ana kiransa hanyar Bayes, da sunan mutumin da ya fara rubuta shi. Ana koyar da shi a jami'o'i ga masu binciken zaman jama'a, amma tushensa bai fi ƙarfin wanda ya gama ajin yaƙi da jahilci ba, muddin ya iya tarawa da rabawa.

Mai Sayen Rake

Duk wanda ya san fadamun ƙasar Maƙarfi da Kudan ya san rake, ya san mazarƙwaila. Idan rake ya isa sara, akan sami ɗan kasuwa ya zo ya saye gona sukutum tun raken yana tsaye. Ba ya ƙirga kara ɗaya ɗaya, gama da zai yi haka, da damina ta riske shi bai gama ba. Tun kafin ya iso yana da wani ƙiyasi a zuciyarsa. Ya san fadamar, ya san mai gonar ko mai zuba taki ne ko mai ƙyuya, ya kuma san abin da gonar ta bayar bara da bara waccan. Da isowarsa sai ya kutsa ciki, ya dubi kaurin raken da tsawon gaɓa, ya karya biyu ko uku ya sha. In ya tarar da abin da ya zata, ƙiyasinsa ya ƙara ƙarfi. In ya ga tsutsa ta huda, sai ya rage, amma ba ya zubar da duk abin da ya sani saboda kara ɗaya. Sai ya ƙara nutsawa tsakiyar gonar ya sake karyawa, sa'an nan ya taya.

Abu uku ne ɗan kasuwan nan ya yi amfani da su. Na fari, zaton da ya zo da shi. Na biyu, shaidar da idonsa da harshensa suka ba shi. Na uku, gyararren zato, watau abin da ya fito bayan ya gama na fari da na biyu. Waɗannan ukun su ne duwatsun murhun hanyar Bayes. Bambancin kurum shi ne, ɗan kasuwa a ka yake yin nasa, masana kuwa sukan sa wa kowane ɗaya alƙaluma su rubuta, don kowa ya duba ya ga inda aka bi.

Malaman Haraji

Mai sayen rake in ya yi kuskure, aljihunsa ne ke shan wahala. Amma wanda aka ba alƙalami ya ƙiyasta mutane, kuskurensa a kan talakawa yake faɗawa. A zamanin En'e, lokacin da Ikara da Maƙarfi da Kudan suke ƙarƙashin En'e ta Zazzau, kowace shekara malaman hakimi sukan fita ƙauyuka su rubuta baligai domin haraji, da damina kuma a ƙirga shanu domin jangali. An kawo tsarin ƙananan hukumomi a 1976, Gwamna Balarabe Musa kuma ya soke haraji da jangali a Jihar Kaduna a 1979, amma darasin da ke cikin wannan aiki bai tsufa ba.

Akwai malami iri biyu da dattawa ba su manta da su ba. Ɗaya mai bin littafi ne kawai. Yakan zauna a zauren dagaci, a kawo masa fura, ya buɗe littafin bara ya kwafe. A wurinsa wanda ya rasu yana nan da rai, wanda ya tafi cin rani bai komo ba yana nan a gida, sai nauyin kuɗinsu ya koma kan 'yan'uwansu. Ɗayan kuwa mai bin ido ne kawai. Yakan sauka a ruga ranar da aka kora shanu daji, ya ƙirga 'yan maruƙan da ya tarar a ɗaure, ya rubuta ya tafi. Na fari ji ya hana shi gani, na biyu gani ya sa ya manta da ji. Gwanin malami shi ne wanda yakan riƙe littafin bara a hannu, ya bi gida gida, ya tambayi suna nawa aka yi da jana'iza nawa, ya dubi rumbuna da faɗin sheƙar shanu, sa'an nan ya san iyakar inda zai matsa daga lissafin bara.

Ko ƙidayar ƙasa baki ɗaya ba ta tsira daga wannan matsala ba. Ta 1952 zuwa 1953 ta ba Nijeriya mutum wajen miliyan 30, ana kuwa ganin mutane da yawa sun ɓuya don tsoron haraji. Ta 1962 aka soke ta saboda gardama, ta 1963 ta ba da sama da miliyan 55, wannan karon kuma zargin ƙari aka yi, domin yawan jama'a ya zama ma'aunin kujerun majalisa. Saboda haka alƙalami ma shaida ne, shaida kuwa sai an auna shi kafin a karɓi maganarsa.

Asalin Hanyar

Thomas Bayes limamin wata majami'a ne a Ingila, mai sha'awar lissafi. Ya rasu a 1761 bai buga wannan aiki ba, sai abokinsa Richard Price ya same shi cikin takardunsa, ya miƙa wa ƙungiyar masana ta Landan a 1763. Tambayar da Bayes ya yi ita ce: in mutum ya ga abu ya auku sau kaza, ya ƙi aukuwa sau kaza, me zai iya faɗi game da dalilin da ke ɓoye a bayansa? Misalinsa na teburi ne da ƙwallo. An gara ƙwallo ta fari ta tsaya a wani wurin da ba a sani ba. Sai a yi ta gara wata, kowane karo a faɗi ko dama da ta farin ta tsaya ko hagu. Garawa ɗaya ba ta nuna kome, amma in an yi ta yi, sai wurin da ƙwallo ta farin take ya riƙa fitowa sannu sannu, kamar gari a cikin hazo.

Wani Bafaranshe mai suna Laplace ya gano hanyar shi kaɗai a 1774, shi ne kuma ya ɗora ta a kan al'amuran jama'a. Ya ɗauki littattafan haihuwa na birnin Faris daga 1745 zuwa 1770, ya tarar an rubuta maza 251,527 da mata 241,945, ya nuna da lissafi cewa wannan rinjaye na maza ya fi ƙarfin dace. A 1802 kuma aka ƙirga mutane a zaɓaɓɓun garuruwa na larduna 30 na Faransa bisa shawararsa. Aka ga duk haihuwa ɗaya a shekara tana daidai da mutum wajen 28 masu rai. Da yake ana rubuta haihuwa a ƙasar duka, sai ya ƙiyasta jama'ar Faransa wajen miliyan 28 ba tare da an ƙirga kowa da kowa ba. Bai kuwa tsaya nan ba, sai da ya lissafa iyakar kuskuren da ake tsammani a cikin ƙiyasin nasa.

Yadda Ake Lissafin

Ga misali. A ce hukuma tana so ta buɗe ajin manya a wani ƙauye na ƙasar Ikara, ta aiki wani saurayi ya gano gidaje nawa ne ke da wanda ya iya karanta wasiƙa. A ce kuma an riga an bincika ƙauyukan da ke kewaye, an tarar gida 2 ne cikin 10. Saurayin ya shiga gida 5, ya sami mai karatu a 4. Sai ya komo wurin mai unguwa da murna, ya ce, "Ranka ya daɗe, ai garin nan ba ya bukatar aji, gida 8 cikin 10 suna da mai karatu."

Mai unguwa ya ce, "Malam, gida nawa ka shiga?"

Ya ce, "Biyar, Baba."

Ya ce, "To, Malam, ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Ruwa ɗaya muke sha da maƙwabtanmu, kasuwa ɗaya muke ci. Yaya za mu yi musu nisa haka?"

Hanyar Bayes tana raba wannan gardama cikin sauƙi. Sai a ɗauki abin da aka sani na maƙwabta a ba shi nauyi, a ce daidai yake da an shiga gida 10 an sami mai karatu a 2. A tara da abin da aka gani yau: 2 da 4 sun zama 6, 10 da 5 sun zama 15. Gida 6 cikin 15 kuwa daidai yake da 4 cikin 10. Ga shi zato ya tashi daga 2 ya hau 4, domin abin da saurayin ya gani ba banza ba ne, amma bai yi tsalle ya kai 8 ba, domin gida 5 ba su da yawa.

To, a ce saurayin ya daure ya ci gaba har gidajen da ya shiga suka cika 90, ya sami mai karatu a 58. A sake tarawa: 2 da 58 sun zama 60, 10 da 90 sun zama 100. Yanzu zato ya koma 60 cikin 100, ya kusa haɗuwa da abin da ido ya gani. A nan ne gani ya kori ji da gaske.

Akwai wani abin sha'awa kuma. A ce wani malamin dabam ya zo da nasa zaton, yana ganin gida 8 ne cikin 10. Bayan gida 5 na fari, lissafinsa 12 cikin 15 ne, watau 8 cikin 10, ninki biyu na abokinsa. Amma bayan gida 90, nasa 66 cikin 100 ne, na abokinsa 60. Mutum biyu da suka taso daga gabas da yamma sun kusa zama a tabarma ɗaya, ba don ɗaya ya fi ɗaya baki ba, sai don dukansu sun yarda shaida ta ja su.

Sharaɗi ɗaya ne dole a kiyaye. In gidajen da aka shiga duk na bakin hanya ne, ko na kusa da makaranta, ko waɗanda mai unguwa ya ga dama ya nuna, to, ko sun kai ɗari ba za su faɗi gaskiyar gari ba. Uwargida ba ta ɗanɗana miya sai ta motsa ta. Don haka masu bincike sukan rubuta gidajen gari duka, su fid da waɗanda za a shiga ta hanyar ƙuri'a.

Lissafin da Ke Hana Zalunci

Ga misali na biyu, wanda ya kamata duk mai riƙe da amanar jama'a ya haddace. A ce akwai masu unguwa 100 a wata gunduma, 10 daga cikinsu suna taɓa kuɗin jama'a, 90 kuwa amintattu ne. A ce hakimi yana da wani mai kawo masa rahoto wanda yakan dace sau 9 cikin 10. In ya nuna wani ya ce ɓarawo ne, yawancin mutane za su ce magana ta ƙare, a tuɓe rawani. Amma a bi lissafin a hankali. Cikin macuta 10 zai kama 9. Cikin amintattu 90 kuwa zai yi kuskure a kan ɗaya daga kowane 10, watau 9. Waɗanda ya nuna sun zama 18, rabinsu kuma ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Dalili kuwa shi ne amintattu sun fi yawa nesa, saboda haka ɗan kuskure kaɗan a kansu yakan tara mutane da yawa. Rahoton yana da amfani, gama ya ɗaga zato daga 1 cikin 10 zuwa rabi, amma rabi dalilin bincike ne, bai kai dalilin hukunci ba. Haka abin yake a gwajin asibiti na cutar da ba ta yawaita ba, shi ya sa likita yakan sa a sake gwaji kafin ya faɗa wa mutum magana mai nauyi.

Darasi Daga Gonakin Zazzau

Masu ilmi ma sukan zo da zaton da shaida za ta rushe. Shekaru da yawa malaman gona suna ganin manomin da ke gama gero da dawa da wake a gona ɗaya rashin sani ne ke damunsa, suna yi masa wa'azin shuka iri ɗaya. A 1966 zuwa 1967 wani masani mai suna David Norman, na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ya sa aka bi gidajen manoma shekara guda cur a ƙauyuka uku, Hanwa da Ɗan Mahawayi da Doka wadda ke kan hanyar Zariya zuwa Kano, ana rubuta aikin da suka yi da amfanin da suka samu. Alƙaluma suka nuna gamin shuka ya fi ba da riba a eka ɗaya, ya kuma fi tsare manomi daga asara, gama in ɗaya ya ƙi, ɗaya ya yi. Ba da lissafin Bayes aka yi wannan bincike ba, amma ya nuna halin da hanyar take nema ga mai koyonta, watau ya riƙe zatonsa da hannu sake, yadda shaida za ta iya karɓe shi.

Sukar da Ake Yi

Masana da yawa sun daɗe suna ƙin wannan hanya, sukarsu kuwa tana da ƙarfi. Suka ce, wa zai hana mutum ya sa son zuciyarsa a wurin zaton farko? Mai ƙin wani gari zai iya cewa tun asali ya san mutanensa malalata ne, ya ba wannan magana nauyin gida dubu, yadda ba shaidar da za ta motsa ta.

Amsar masu bin hanyar ita ce, ba mai binciken da ke fita da zuciya wayam. Gara wanda ya rubuta zatonsa a fili, ya faɗi inda ya samo shi da nauyin da ya ba shi, da wanda ya ɓoye nasa a aljihu. In abin da aka sani kaɗan ne, a ba shi nauyi kaɗan. In ana gardama, a yi lissafin da zato biyu ko uku a ga ko amsa ta sāke. Abin da aka hana ɗaya ne, kada mutum ya rantse tun farko cewa abu ba zai yiwu ba sam, domin a lissafi, wanda ya fara da sifiri, ko shaida nawa aka kawo masa, sifiri zai ƙare da shi.

Amfaninta a Wannan Zamani

Abin da ya daɗe yana tauye hanyar shi ne wahalar lissafi in abubuwan da ba a sani ba sun yi yawa. Daga wajen 1990 kwamfuta ta ɗauke wannan nauyi, har aka sami manhajoji na kyauta irin su R da Stan da ɗalibai ke koyo da su.

Nijeriya ta ga amfanin haka. An yi ƙidaya a 2006 aka sami mutum miliyan 140, wadda aka shirya yi a 2023 kuwa aka ɗage ta. Amma mai kai allurar rigakafi ba zai jira ƙidaya ba, dole ya san yara nawa zai tarar. A 2016 da 2017 aka ƙirga mutane gida gida a ƙananan wurare sama da dubu cikin jihohi 15. Masana na Jami'ar Southampton ta Ingila, tare da shirin GRID3, suka gama wannan da hotunan gine-gine da tauraron ɗan'adam ya ɗauka, suka yi amfani da hanyar Bayes suka ƙiyasta jama'ar kowane fili mai faɗin mita 100 a ƙasar duka, har da unguwannin Ikara da Maƙarfi da Kudan. Inda ba a shiga ba, aka aro haske daga wurare masu kama da shi, kamar yadda mai unguwa ya kafa hujja da maƙwabta. Kowane ƙiyasi kuma an faɗi ƙasansa da samansa. Dabarar Laplace ce ta dawo da sababbin kayan aiki. Wannan bai maye gurbin ƙidaya ba, amma ya fi laluben duhu.

Ga Mai Son Koyo

Wanda ya iya karatu da rubutu ba sai ya jira jami'a ba. Ya nemi ɗan littafi. Kafin ya girbe gona, ko ya kai tumatir kasuwa, ko ya ƙiyasta mutanen da za su zo taron ƙungiya, ya rubuta zatonsa da dalilinsa, ya sa masa ƙasa da sama, kamar ya ce buhu 12 zuwa 16. Bayan abin ya auku ya rubuta abin da ya samu a gefe. Cikin shekara biyu ko uku littafin zai nuna masa ko shi mai cika baki ne ko mai tsoro, zai kuma koya masa nauyin da ya kamata ya riƙa ba zatonsa.

Haka kuma in wani ya zo gari da alƙaluma, ko ma'aikaci ne ko ɗan siyasa, akwai tambaya uku da za a yi masa cikin ladabi: gida nawa aka shiga, yaya aka zaɓe su, me aka sani kafin a shiga? Mai gaskiya zai yi murna da tambayar, zai kuma faɗi inda saninsa ya tsaya. Jama'ar da ta iya waɗannan tambayoyi da wuya a rubuta mata abin da ba shi ne ba, ko a hana ta rabonta na makaranta da magani da taki saboda kuskuren alƙalami. Allah ya sa a dace, amin.